Ka rage sayen kwaɗo, ka sa wa kayanka shaida: jagora ga masu sayar da hoto, littafi da bidiyo ta waya

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake lodin albasa a Aliero ya ga abin da zan yi magana a kai. Buhuna ne jibge, na mutum goma ko fiye, mota ɗaya za su shiga su nufi kudu. Ba mai sa wa buhunsa kwaɗo. Fenti ake ɗauka, kowa ya shafa alamarsa a jikin nasa: wani harafi biyu, wani zobe, wani layi uku. In an sauke kaya a can, dillali na dubawa ya san na wane ne. Haka mata ke yi wa kwanoninsu ranar biki. Ɗigon jan farce a gindin kwano, ko ya kwana uku a maƙwabta zai dawo gida.

Sana'ata ɗaukar hoto da haɗa bidiyo a Birnin Kebbi. Ƙanwata kuma marubuciya ce, irin masu sayar da labari babi-babi ta waya. Wata rana ta buɗe zaure a Telegram, ta kunna abin nan da ke hana saukewa da turawa, ta zuba masu saye sama da ɗari a ciki, ta kwanta da murna. Kwana biyu aka yi labarin ya bazu a zaurukan kyauta. Wani ya ɗora wayarsa a kan wata wayar ya ɗauke shafukan, wani kuma ya zauna ya sake bugawa.

Ta zo shago ido jawur. "Yaya, ni dai ban yahe ba. Duk wanda yah hidda min littahina, Allah ya isa."

Na ce mata, "To, Allah ya isa taki ta tahi. Ƙohar gidan wa za ta tsaya?"

Shiru ta yi. Mutum ɗari da wani abu sun karɓi kwafi iri ɗaya sak, ba ta da hanyar sanin ta hannun wa ya fita.

Abin da ya sa kwaɗo ke ba da kunya

Kwaɗon da ake sa wa fim, waƙa ko littafi don kada a kwafa, shi masana ke kira DRM. Manyan kamfanoni sun gwada shi da kuɗin da ni da kai ba za mu taɓa gani ba. A 1996 aka sa wa faifan DVD makulli mai suna CSS. A 1999 aka ɓalle shi, kuma cikin waɗanda suka yi aikin har da wani yaro ɗan ƙasar Norwe, Jon Johansen, yana ɗan shekara 15. A 2005 kamfanin Sony BMG ya sayar da faifan waƙa da ke dasa ɓoyayyar manhaja a kwamfutar mai saye don hana kwafa. Da asiri ya tonu, sai da suka janye faifan daga kasuwa, aka kuma kai su kotu. A 2007 Steve Jobs na Apple ya fito fili ya nemi kamfanonin waƙa su bar kwaɗon nan, kuma zuwa 2009 waƙoƙin iTunes, shagon waƙa na Apple, sun rabu da shi. Abin da suka bari a cikin kowane fayil shi ne sunan wanda ya saya da adireshin imel ɗinsa.

Raunin kwaɗo ɗaya ne, kuma ba ya gyaruwa: duk abin da ido zai gani ko kunne zai ji, wata na'urar za ta iya ɗauka. Sannan wahalarsa a kan mai gaskiya take sauka. Wadda ta biya kuɗinta a Jega ko Yauri, sabis ya ɗauke, ba ta iya buɗe abin da ta saya. Wanda ya samu na sata kuwa yana kwance yana karatu ko data ba ya ƙonawa.

Ba cewa nake kwaɗo ba shi da rana ba. Masu hayar fim irin su Netflix har yau suna amfani da shi, shi ya sa in ka yi sikirinshot allon ke yin baƙi. Su haya suke bayarwa, kuma suna da injiniyoyi. Kai da ke karɓar alat na naira ɗari biyar-biyar, shaida ta fi dacewa da ƙarfin aljihunka.

Turawa na ce wa wannan shaida wotamak, wato alamar ruwa. Asalin dabarar daga masu yin takarda ne a garin Fabriano na Italiya, wajen 1282, waɗanda ke barin alamarsu a jikin takarda tun tana jiƙe. Ɗaga takardar naira dubu ka kalli rana ta cikinta, za ka ga jikanyar waccan dabara. Ita shaida ba ta hana ɗaukar kaya. Tana faɗin na wane ne, in kuma an yi ta da kyau, ta faɗi ta hannun wa ya fita. A 2004 hukumar da ke ba da kyautar Oscar ta kori wani ɗan wasa, Carmine Caridi, bayan an bi sawun finafinan da suka fita intanet aka tarar kwafin da aka aika masa ne don ya kalla ya yi zaɓe. Injinan haska fim na sinimomin zamani ma suna dasa wuri da rana da lokaci a cikin hoto da sauti, ta yadda in wani ya ɗauka da kyamara za a san a wane ɗaki ya zauna.

Mataki na farko: san wace shaida kake so

Iri biyu ce, kuma mutanenmu na yawan cakuɗa su. Akwai tambarin mai kaya: sunanka ko alamar shagonka, iri ɗaya a kan komai. Wannan talla ce da kare suna. Akwai kuma shaidar mai saye: lamba daban ga kowane mutum. Ita ce ke kama mai fitarwa. Hoton da za ka sa a Facebook kowa ya gani, tambari yake so. Littafi, darasin bidiyo ko karatun da aka biya kuɗi, lamba yake so. Ƙanwata tana da tambari tun tuni, sunanta a saman kowane shafi. Ɓarayin ma ba su damu su cire shi ba.

Mataki na biyu: asali da littafin rajista

Kafin ka taɓa wata manhaja, ka ware asalin aikin da ba a sa masa komai ba, ka ajiye shi wuri biyu, misali memori da Google Drive. Kada ka taɓa sa tambari a kan asalin kansa. Hujjarka ce ranar gardama, domin wanda ya sata ƙaramin kwafi ne a hannunsa, kai ke da babban, da ranar da aka ɗauka, da sauran hotunan da ke gabansa da bayansa.

Sai ka buɗe rajista. Ko littafin makaranta mai shafi arba'in ya isa. Kowane mai saye ya samu layinsa: lambarsa, sunansa, lambar wayarsa, ranar da ya biya, abin da aka tura masa. Na sha ganin wanda ya ɓata dare yana sa lambobi a kan kaya bai rubuta wa ya ba wace ba. Wannan ya shafa fenti ne a buhu ya manta launin nasa.

A jikin kayan, lambar rajista za ka sa, kamar 047, ba lambar wayar mutum ba. In ka buga wayar matar aure a kowane shafi, littafin ya fita ba da saninta ba, ka jefa ta hannun 'yan damfara da masu kiran dare. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da ta ɗora maka nauyin tsare bayanan da ka karɓa. Sunan farko da lamba sun wadatar.

Mataki na uku: hoto

Ɗauki misalin hoton da ka ɗauka a bakin kogin Matan Fada ranar su na Argungu: masunci ya ɗago giwan ruwa, gora na gefensa, jama'a sun cika gaɓa. Irin hoton da kafin magariba zai shiga shafi hamsin.

Kuskuren da kowa ke fara yi shi ne sa suna a kusurwar ƙasa. Yatsa biyu ake sa wa a yanke. Kuskure na biyu shi ne zabga ƙaton rubutu a fuskar mutum har hoton ya mutu, ba mai sha'awar saye. Tsakaninsu ake bi. Ka ɗora rubutun inda ya haye wani abu da ba za a iya yankewa ba, kamar rabin sunan a kan ruwa, rabi a kan jikin kifin ko zaren koma. Wuri mai tarkacen zane ya fi wuyar gogewa. Sararin sama ko farin bango kuwa, manhajojin goge abu na yanzu a daƙiƙa kaɗan suke share su.

A Snapseed, PixelLab ko Canva, rubuta sunan da fari, sannan ka rage ƙarfin launin zuwa kashi 25 ko 35 cikin ɗari. A gani, amma kada ya tsone ido. Mai Lightroom yana iya saita shi sau ɗaya, duk hoton da ya fitar ya fito da shi. Sai dai a nan akwai tarko. A 2017 masu bincike a Google sun nuna cewa in tambari iri ɗaya ne a kan hotuna masu yawa, kwamfuta na iya tara su, ta gane siffarsa, ta cire shi tsaf. Maganin da suka ba da shi ne a riƙa ɗan murɗa siffar tambarin daga hoto zuwa hoto. Saboda haka ka riƙa canza masa siffa da girma da kwana, ba wuri kaɗai ba.

Ga masu hoton biki: kwafin zaɓe da za ka tura wa amarya ta duba, ka maimaita tambarin a karkace ya ratsa hoton duka, ka kuma rage girmansa. Wanda aka biya kuɗinsa ka tura shi fes. Mutum bai biya ka don ya rataye sunanka a falonsa ba.

Akwai kuma bayanan da ke zaune a cikin fayil, inda za ka iya rubuta sunanka a matsayin mai haƙƙi. Kyamarori da yawa na da gurbinsa, manhajar ExifTool ma na yi. Ka cike shi, ba ya cin komai, amma kada ka jingina da shi. In an tura hoto a WhatsApp a matsayin hoto, matse shi ake yi, waɗannan bayanai su zube. Sai an tura shi a matsayin dokumen yake isa da kayansa.

Mataki na huɗu: littafi da duk wani rubutu

Nan ne na fi daɗewa, domin nan dabara ta fi kuɗi aiki.

Shaida ta fili tukuna. A Word ka shiga Design ka danna Watermark. A Google Docs yana ƙarƙashin Insert, a LibreOffice ƙarƙashin Format. Rubuta lambar mai saye, ta fito dishi-dishi a bayan rubutu, sannan ka maida shi PDF. A ƙasan shafi ka ƙara layi ɗaya: kwafin wance, lamba kaza. In masu sayen da yawa, Word na da hanyar ɗauko sunaye daga jadawali ya cike su ɗaya bayan ɗaya, tana ƙarƙashin Mailings. Shagunan intanet irin su Gumroad da Payhip kuma suna buga imel ɗin mai saye a kan PDF da kansu.

Wannan tana tsorata mai kunya, amma wanda ya san kan kwamfuta zai ɗaga ta kamar faifai a kan kwano. Wanda ya sake bugawa da hannu ma ya wuce ta. Balle masu karanta littafin mutane a YouTube ba izini, waɗanda murya kawai suke fitarwa. Saboda haka ake sa ta biyu, wadda ke cikin maganar kanta.

Ga yadda take. Ka zaɓi wasu gurabe a cikin babin inda kalma biyu za su iya zama ba tare da labari ya canza ba. A kwafi ɗaya jarumar ta ɗaura atamfa shuɗiya, a ɗayan koriya. A nan "amma", a can "sai dai". A nan baƙon ya iso bayan la'asar, a can gab da magariba. Kowane gurbi fuska biyu gare shi, mu ce A da B. Gurbi 3 na ba da kwafi 8 mabambanta. Gurbi 7 na ba da 128. Gurbi 10 na ba da 1024. Ka rubuta tsarin kowa a rajista: lamba 047, A-B-B-A-A-B-A. Ko an sake bugawa, ko an ɗauki hoton allo, ko an karanta da baki, launin atamfar na nan. Masu zana taswira sun daɗe suna irin wannan, su sa titin da babu shi don su kama mai kwafar aikinsu.

Na san abin da za ka ce: wa ke da lokacin haɗa kwafi 128? Ba kowa. Mai sayar da labari babi-babi yana da gajeriyar hanya, kuma ita muka bi da ƙanwata. In masu saye ɗari ne, raba su gida goma, kowane gida mutum goma, ka yi kwafi goma kacal. Babin ya fita, ka duba ka ga na gida na shida ne. A babi na gaba, mutum goman da ke gida na shida kowa ya samu kwafinsa daban, sauran casa'in su karɓi ɗaya. In ya sake fita, ka san mutumin. Babi biyu, kwafi ashirin da ɗaya, an gama. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan garin ba ya jin lokacin da da'irar ke matsewa.

Abu biyu za ka kiyaye. Kada ka sa bambancin a take ko layin farko, inda ido ke fara sauka. Ka watsa shi tsakiya. Sannan kada ka faɗa wa kowa waɗanne kalmomi ne, ko aminiyarka. In masu saye biyu suka jera kwafinsu suka gwada, za su iya gano guraben su cakuɗa su, shi ya sa ake canza gurabe daga babi zuwa babi.

Mataki na biyar: bidiyo da murya

Ga mai koyar da ɗinki, girki, gyaran waya ko darasin jarrabawa. Tambarin da ke zaune a kusurwa tun farko har ƙarshe, rufe shi ake yi da wani tambarin. Naka ya riƙa yawo. A CapCut, InShot ko KineMaster ka sa lambar mai saye ta bayyana daƙiƙa biyar a hagu, ta ɓace, bayan minti biyu ta ɓullo a tsakiya. Ka tabbatar ta fito a daidai wurin da darasin ya fi daraja, lokacin da almakashi ke yanka wuyan riga, domin nan ne ɓarawo ba zai iya yankewa ba.

Mai kwamfuta ya nemi manhajar FFmpeg, kyauta ce. Layi ɗaya ke sa lamba ta riƙa ratsa allo a hankali:

ffmpeg -i darasi.mp4 -vf "drawtext=text='047':x='mod(t*40,w)':y=h*0.7:fontsize=24:fontcolor=white@0.3" -c:a copy darasi047.mp4

Canza 047 kawai za ka riƙa yi. A wasu kwamfutocin sai ka nuna mata fayil ɗin salon harafin da za ta yi amfani da shi. Ka sani kowane kwafi sai an sake sarrafa bidiyon, abin da ke cin lokaci da caji. Da irin wutarmu, in darasin dogo ne, koma wa dabarar gida goma. Manyan masu haska ƙwallo kai tsaye ma kusan haka suke yi: su yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da fuska A da B, kowane mai kallo da jerinsa. Mai koyarwa ta Zoom kuma ya duba saitinsa, akwai inda ake kunna alamar da ke ɗora imel ɗin ɗalibi a kan abin da ake nuna masa.

Murya ta fi sauƙi. A manhajar Audacity ka shigar da sunanka da bakinka a tsakiyar karatun, ba a farko kaɗai ba, ya ɗan hau kan ƙarshen wata jimla yadda yanke shi zai bar tabo. Dabarar ɓoye lamba a siririn sautin da kunne ba ya ji kuwa, ban ba ka shawara ba. Matse sauti zuwa ƙaramin MP3 irin wannan sashen yake fara zubarwa.

Ɓoyayyar shaida ta gaske

Za ka ji ana cewa akwai alamar da ido ba ya gani sam. Gaskiya ne. Kowane ɗigo a hoto launinsa lamba ce daga 0 zuwa 255. In ka maida 200 ta koma 201, ba idon da zai lura, kuma da irin waɗannan ƙananan canje-canje ana iya rubuta saƙo. Matsalar ita ce wannan hanya mai sauƙi ba ta jure tafiya. WhatsApp na matse hoton sau ɗaya, saƙon ya watse. Masu ƙarfin su ne waɗanda ke baza alamar a faɗin hoton gaba ɗaya, kamar gishiri a miya, ko an ɗebi ludayi ɗaya ana jin sa. Irin wannan kamfanoni kamar Digimarc ke sayarwa, kuma irinta Google ta fitar a 2023 da sunan SynthID don gane hotunan da kwamfuta ta ƙirƙira. Akwai ta kyauta, OpenStego, ga mai son gwadawa. A ganina, ƙaramin ɗan kasuwa ya ɗauke ta a matsayin ƙari. Lambar fili da bambancin kalmomi su ne jarinsa.

Kada kuma a ɗauka ɓoyayyar shaida ita ce Content ID na YouTube. Shi ba ya dasa komai, kamannin aikin yake haddacewa ya riƙa nema, kuma ba kowace tasha ake ba shi ba.

Mataki na shida: zama ɓarawon kanka

Wannan ne matakin da kowa ke tsallakewa. Kafin ka sayar wa mutum ɗaya, ka ɗauki kwafin ka wulaƙanta shi. Tura wa wayar matarka ta WhatsApp. Daga can a tura ta Xender zuwa wata ƙaramar waya. Yi sikirinshot. Yanke gefuna huɗu. Ɗora shi a sitatus ka sauke. Ɗauke shi da kyamarar wata wayar, a karkace, a ɗaki mai duhu. Sa shi a manhajar goge abu ka ga ko za ta ci shi. Bayan duk wannan, ka miƙa wa wani yaro ka ce ya karanto maka lambar. In ya iya, ka yi aiki. In ya ce "047 ne ko 041?", koma ka ƙara girma ka canza salon harafi. Ranar da zargi ya tashi, bakwai da ta yi kama da ɗaya na iya raba zumunci.

Mataki na bakwai: faɗa musu

Wasu na ɓoye cewa sun sa shaida, wai don su kama mutum dumu-dumu. Ni ban ga ribar ba. Kamun ba ya dawo da abin da ya riga ya bazu. Rabin amfanin shaida a tsoro yake, ka ce kifi na ganinka mai jar koma. Ka rubuta a shafin farko, cikin ladabi: wannan kwafi naki ne ke kaɗai, yana ɗauke da shaidarki a fili da ɓoye, kina iya karanta shi a kowace waya taki, amma kada ki tura. Ka faɗi cewa akwai, kada ka faɗi inda take. Kuma ka cika alƙawarin da kwaɗo ya kasa cikawa: wanda wayarsa ta faɗa ruwa ya dawo, sake tura masa kyauta, tunda sunansa na rajista.

Ranar da kaya ya fita

Zai fita, ko ba daɗe. Hoto kana iya neman sa da Google Lens ko TinEye. Littafi kuwa yawanci masoyanka ne za su kawo maka labari. Abu na farko, tara hujja kafin ka yi magana: hoton allon inda aka sa shi, sunan zauren ko tashar, rana, da kwafin kansa. Sannan ka buɗe rajista.

Lambar ta nuna maka kwafin wa ya fita, ba ta ce shi ya fitar ba. A garuruwanmu waya na kwana a shagon caji, tana zuwa wurin mai gyara, tana zuwa wurin masu turi a zuba mata finafinai, ƙanne na ɗauka su yi wasa. Saboda haka kira za ka yi a keɓe, ba tonon silili a zaure ba. In ka kira mutum ɓarawo a bainar jama'a ba ka tabbatar ba, kai za ka koma mai ba da haƙuri, ƙila a gaban alƙali.

Ga wanda ya ɗora aikin a tasharsa yana cin kuɗi da shi, doka na bayanka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi hanyar aika wa masu shafi takardar neman a sauke aikin da aka sata, ta kuma haramta cire ko sauya bayanan da ke nuna mai haƙƙi. Haƙƙinka na tabbata ne tun ranar da ka yi aikin, ba sai ka yi rajista ba, ko da yake Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, na karɓar rajista ga mai son ƙarin hujja. YouTube da Facebook kowanne na da fom na kai ƙarar satar aiki. Cike shi da gaskiya, ka nuna inda naka ya fara fita. Ƙarar ƙarya na iya jawo a rufe taka tashar.

Namu ya ƙare ne a babi na biyu, kamar yadda lissafi ya nuna. Atamfar koriya ce, baƙon ya iso gab da magariba, lamba ta faɗa kan wata Hajiya da ke sayen duk abin da ƙanwata ta rubuta, ba ta taɓa neman ragi ba. Ƙanwata ta riƙe wayar ta kasa kira, sai da na ce ta fara da gaisuwa.

"Hajiya, ina wuni. Don Allah wata 'yar tambaya gare ni, kada ki ji komi. Akwai mai taɓa wayarki?"

"Ɗiyata, ni ko tura hoto ban iya ba. Autana ka buɗe min shi kullum."

Autan ne. Yana da zaure nasa na 'yan ajinsu, yana zuba musu babi-babi don a ce da shi gwani. Hajiya ta ce a bar ta da shi, kuma daga muryarta na san yaron ba zai ji daɗin daren nan ba. Washegari ta aiko da kuɗin littafi na gaba tun ba a fara shi ba. Ƙanwata ta ja wa tsohuwar lambar layi da jan biro, ta ba ta sabuwa, ta kuma bi ta har gida ta koya mata yadda ake buɗe PDF da kanta.